Rai Uku a Dala Ashirin

Ni na rufe wa ƙanena shago, kuma ba da kwaɗo na rufe shi ba, da bakina. Na daɗe ina kewaye maganar nan. Wani lokaci in ce mutanen unguwa ne, wani lokaci in ce zamani ne ya lalace, in na gaji in ce ƙaddara. To ƙaddara ce mana, wa ya musa? Amma ta bakina ta biyo, kuma a kan kalma ɗaya tak.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna. Ni ne babba, na ba shi shekara goma sha uku. A Dogo aka haife mu, gidan noman gero da gyaɗa. Ni aka sa lakwal, makarantar boko, Allah ya taimake ni na fito mushe, wato malami, ina koyar da Faransanci a wani kolej a nan Damagaram. Da Baba ya rasu sai Inna ta ɗoro mini yaron a mota ranar kasuwa, ta ce in yi masa abin da aka yi mini. Na yi iya yina, ko kuma in ce na yi iya dukana, don a lokacin ban san wata hanyar koyarwa ba. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar brebe, aka sallame shi. Bai koma Dogo ba. Ya shiga pale.

Wanda bai zauna garin nan ba zai ce mene ne kuma pale. Rumfa ce ta samari a lungu, kamar fada, sai dai a fada shayi ake dafawa a yi ta musun ƙwallo, a pale kuwa ƙarfe ake ɗagawa, ƙarafan matattun motoci da siminti da aka daskarar a gwangwani, a haɗiyi ƙwaya, a zauna jiran ranar da za a gamu da ƴan palen wata unguwa. Ranar gamuwa kowa da addarsa. Shekara shida ƙanena ya yi a ciki. Ya fito da tabo daga gindin kunne har haɓa, ni kuma na san hanyar komisariya, ofishin ƴan sanda, fiye da yadda na san hanyar gidan surukaina. Akwai ranar da na ce masa a gaban matata, da ma mutuwa ka yi mu huta. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Abin da ya fitar da shi ba faɗana ba ne, ba kuma kukan Inna ba ne. Wani abokinsa ne ya dawo daga Libiya da na'urorin wasan bidiyo guda biyu yana neman mai saye. Ƙanena ya je Dogo ya durƙusa gaban Inna, ta sayar da tumakinta, ya saya, ya haɗa da tsofaffin tele biyu, ya kama wani shago a bakin hanyar zuwa tasha. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Na ce wato ƙato da kai, ka rasa sana'a sai ta wasan yara. Ya ce, "Yaya, ka dai sa albarka." Na sa, amma a fatar baki.

Sal suke kiran wurin. Benci huɗu, tele biyu da suka zama huɗu kafin shekara ta zagayo, da ƙaramin gurup, injin ba da wuta, a waje saboda in kuran ya ɗauke. Ya kafa dokokinsa ba tare da ya shawarci kowa ba. Ɗan lakwal ba ya shiga sai an tashi. In aka kira salla ana kashe tele ko da ana tsakiyar wasa. Wanda ya sha ƙwaya ya tsaya waje. A bakin ƙofa kuma ya ajiye rabin tano, irin wanda muke tara ruwa a ciki in famfo ya yi kwanaki bai zo ba. Duk wanda ya zo da adda ko wuƙa, a nan zai jefa ta kafin ya shiga. Tsofaffin abokansa na pale su ne suka fi zuwa, kuma ba mai iya yi masa gardama, don sun san hannunsa. Wasu in sun tashi tafiya sai su manta da addar, ko su yi kamar sun manta. A hankali ƙarafa suka taru a tanon nan har suka fara tsatsa.

Shekara uku muka yi muna barci har da minshari. Ya yi ƙiba, ya fara sa babbar riga ranar Juma'a, har Inna ta soma yi masa maganar wata yarinya a Dogo yana sunkuyar da kai yana murmushi. Tsorona kullum ɗaya ne, kada wani abu ya mayar da shi inda ya fito. Ban taɓa kawowa cewa abin nan ni ne ba.

Ina da wani shiri a wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa, rabin awa kowace Asabar da hantsi. Littafi nakan karanta ko in kalli fim, in zo in faɗa wa jama'a abin da na gani, inda aka yi abin kirki da inda aka yi shirme. Ba biyana ake ba, son a ji muryata ne kawai, gara in faɗi gaskiya. Kuma ina da wata cuta: a shirina ba na yarda kalmar Faransanci ko ɗaya ta fito. Ni da nake cin tuwo da Faransanci Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar sai in zama sarkin Hausa. In baƙo ya ce furoblem, in tare shi in ce matsala. Har kalmomi nake ƙirƙira, in dawo gida ina jin kaina. Matata takan ce, "Malam, iyayin nan naka wata rana sai ya ja maka." Sai in ce ta je ta duba tukunyarta.

Ana nan, a wani biki a unguwar da sal ɗin yake, rigima ta tashi tsakanin samari, aka sari ɗan wani tela a hannu. Wanda ya yi saran yana cikin masu zuwa wurin ƙanena. Shi ke nan, an samu abin faɗa. A majalisa, a bakin famfo, a ƙofar masallaci, kowa ya zama masani: ai abin da suke gani a tele suke kwaikwayo, yini ake ana harbi ana sara, yaro ya tashi daga nan me kake jira ya yi? Har a gidan rediyonmu mutane suka yi ta bugo waya suna cewa a rufe irin wuraren nan.

Raina ya ɓaci. Na ce mutanen nan ba wanda ya taɓa riƙe abin wasan nan a hannunsa, amma kowa na yanke hukunci. Na je na sami ƙanena na ce zan yi shiri guda a kan wasanninsa, in yi musu sharhi yadda nake yi wa littafi, in wanke shi tas.

Ya ajiye tsumman da yake goge tele, ya ce, "Yaya, don girman Allah ka bari. Maganar nan in ba a taɓa ta ba, sati biyu ta mutu."

Na ce, "Kai ka san tele, ni na san mutane."

Ka ji fa. Wai ni na san mutane.

Lokacin hutun lakwal ne, don haka na yi sati guda ina zuwa sal bayan azahar. Ya koya mini riƙe manet, wato abin da ake dannawa da manyan yatsu, samarin suna bayana suna ƙunshe dariya, ga mushe guda mai iyali yana karkata jiki duk inda motar cikin tele ta karkata. Wasan ƙwallo aka ci ni bakwai ba ko ɗaya. Tseren mota na yi ta karo da bango. Sai muka zo kan wanda ake ta surutu a kansa, na yaƙi. Kai soji ne a wani rusasshen gari, ba ka ganin komai naka sai hannu da bakin bindiga, mutane na ɓullowa ta taga da bayan katanga, in ba ka harbe su ba su harbe ka.

A saman tele ta hagu akwai wasu ƴan zane ja guda uku. Na ce mene ne waɗancan?

Ya ce, "Bi ɗinka ne. Dala ashirin bi uku. In aka same ka ɗaya ya tafi, in duka suka ƙare ka tashi ka ba wani, ko ka sake biya."

Haka duk suke faɗa. Saura bi ɗaya. Ka cinye mini bi. Ara mini bi. A kunnensu bi ɗin nan namu ne na Hausa, na bi da bi, yadda mata ke jera bokiti a famfo kowace ta jira nata. Ni kuwa da na ji sai na yi murmushin masani, don na gane daga ina kalmar ta fito. Ta Faransanci ce, wadda ke nufin rai, bakin yaranmu ne ya mayar da ita bi. Na ji daɗin gano wannan kamar na tsinci kuɗi a hanya. Na rubuta a ɗan littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Akwai abin da ban rubuta ba, ban kuma faɗa a rediyo ba. A rana ta uku hannuna ya faɗa. Na fara samun mutanen nan kafin su same ni, kuma wallahi daɗi na ji. Na harbi wani da ya leƙo ta taga na ji bakina ya ce, "Mutu, ɗan banza!" Sal ɗin ya kwashe da dariya. Da aka kira la'asar ƙanena ya kashe tele, saura kaɗan in zage shi. A hanyar gida na yi ta tambayar kaina, in ni mai shekara arba'in abin ya kama ni haka, yaya ɗan sha bakwai? Amma da na tuna tanon nan na bakin ƙofa, sai na ce wanda ke harbi a tele ai hannunsa biyu na kan manet, ba sa kan adda. Har yau ban san wanne ne gaskiya a cikin biyun ba. Wataƙila duka.

Ranar Asabar na shiga rediyo da takarduna. Na yaba wasan ƙwallo, na ce yana koyar da haƙuri da haɗin kai. Na kushe tseren mota, na ce ba labari ba ma'ana, gudu ne kawai. Na yaƙin kuwa na ce labarinsa shirme ne, ba a gaya maka me mutanen nan suka yi maka ba, amma aikin zanensa ya kai a yaba. Sannan na zo inda nake ganin zan kashe bakin kowa. So nake in nuna cewa mutuwar cikin tele ba mutuwa ba ce, wasa ne, yaran ma sun san wasa ne. Da bi na ce, da an wuce wurin. Amma bi Faransanci ne, kuma ranar Asabar ce. Sai na gyara murya na ce:

"Jama'a, a shagon nan da dala ashirin za ka sayi rai uku. In an kashe ka, ka tashi ka ci gaba. In rayukanka sun ƙare, ka miƙa wata dala ashirin a ba ka sababbi."

Mai kula da na'ura da ke bayan gilashi ya ɗago kai ya dube ni. Na ɗauka burge shi na yi.

Kafin magariba an yanko wannan guntun, shi kaɗai, ba abin da ya gabace shi ba abin da ya biyo baya, yana yawo a wayoyi. Muryata ce, ba wanda ya ƙara ko wasali. Washegari matata ta dawo daga gidan suna fuska a murtuke, ta ce ana ta tambayarta wai da gaske ne ƙanen mijinta rai yake sayarwa. Wani abokin aikina da ke Garagumsa ya turo mini shi yana tambaya ko ni ne. Wurin da aka sani da sal ya koma shagon mai sayar da rai. In ƙanena ya fito sai ka ji ana ce masa a ba ni na dala biyar, a bushe da dariya.

Ran Laraba mai unguwa ya tara mu a zaurensa bayan la'asar. Akwai liman, akwai telan da aka sari ɗansa, akwai mai shagon da ƙanena ke haya, ga dattawa sun cika zauren har waje. Na tafi da shirin faɗa da liman, sai ya ba ni kunya. Ya ce shi ya san ba mai sayar da rai, ba mahaukaci ba ne shi, kuma ya shaida ana kashe tele lokacin salla. Tambayarsa ɗaya ce. Yaron da ya saba a kashe shi ya tashi sau talatin a yini, ya kashe wasu gobe ya tarar da su a tsaye, ranar da ya ɗaga adda a kan ɗan mutane, zai tuna cewa wannan ɗaya gare shi? Tambayar da na yi wa kaina ce a hanyar gida. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ɗaga murya.

Na ce pale ya girmi tele ɗin nan. Na ce tabon da ke fuskar ƙanena, lokacin da aka yi masa shi ba sal ko ɗaya a unguwar nan, to wa ya koya wa wanda ya sare shi? Na ce yaran nan an koro su daga lakwal, ba gona ba aiki, kun bar su a rana shekara da shekaru ba wanda ya tara taro, sai yau da suka sami inuwa da benci. Na ce a je a leƙa tanon da ke ƙofar shagon a ga addunan da ke kwance a ciki. Duk gaskiya ne, har na ga wasu na gyaɗa kai.

Sai telan ya miƙe. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce shi bai iya dogon bayani ba, abin da ya sani yatsu biyu na ɗansa sun mutu, ba zai ƙara riƙe almakashi ba, kuma wanda ya yi masa haka daga shagon nan ya fito ranar. Da ma na yi shiru. Ina! Na ce masa, "Ɗan naka fa, a masallaci aka same shi? Shi ma ai ɗan pale ne, kowa ya sani." Telan ya dube ni, ya koma ya zauna, ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Waɗanda suka gyaɗa mini kai ɗazu suka kau da ido.

A nan ne ƙanena ya nemi izinin magana. Tun da aka fara yana durƙushe a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ni ban yi nisa a karatu ba, amma abin nan ba rai ba ne. Bi ne. Bi uku, yadda ake bi da bi. In naka ya ƙare ka tashi wani ya zauna. Wallahi ba wanda ya taɓa ce masa rai a shagona. Ni ma a rediyo na fara ji."

Na ga maganar ta shige su. Liman ya ce to in haka ne ai da sauƙi. Sai wani dattijo daga baya ya ce, "To ai ga mushe nan zaune, shi ya san harshen masu abin, kuma shi ya ce rai. Mushe, kuskure ka yi ko kuwa?"

Duk aka juyo kaina. Ƙanena ma ya ɗago, kuma na ga abin da idonsa ke roƙo. Kalma uku ce kacal: kuskure na yi. Ba ma ƙarya ba ce, don a shagon nan bi ne, bi yake nufi, masu amfani da shi suka ce haka. Amma a gaban wannan taro, wasu iyayen ɗalibaina ne, a ce mushen Faransanci bai san kalmar da ɗan aji ɗaya ya sani ba? Na gyara zama na ce, "To, a gaskiya asalin kalmar rai take nufi, amma..."

Ba wanda ya ji abin da ya biyo bayan amma. Ni kaina ban tuna ba.

Ba a kawo takarda daga hukuma ba, ba ɗan sandan da ya zo. Ba a ma buƙaci haka ba. Mai unguwa ya ce a je a yi shawara, mai shago ya ce wa ƙanena ƙarshen wata yana son wurinsa, zai zuba siminti. Ya zaga Zango, ya zaga Birni, ya je har bayan gari, duk inda ya tambaya sai a ce an riga an bayar. Wani ma ya ce masa a fuska ba zai sa mai sayar da rai a gidansa ba. Asabar ta gaba na yi shiri guda cur ina bayanin bi da rai, na ce ni na yi kuskure, na maimaita har sau uku. Ba wanda ya yanko wannan ya tura wa kowa.

Ranar da ya kwashe kaya na je taya shi. Muka ɗora tele da na'urori a amalanke zuwa gidana. Saura tano. Ya tsaya yana kallonsa, ya ce bai san yadda zai yi da kayan mutane ba. Bai gama rufe baki ba suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya. Kowa ya sunkuya ya tona ya zaro tasa, ya duba tsatsar, ya goga a wando, ya soke a ƙugu ya tafi. Wani ya ce masa, "Sai mun gan ka, babba." Ina tsaye ina kallo har tanon ya zama wayam.

Bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na ce ya yafe mini, ya ce, "Haba Yaya, ai taimakona ka je yi." Wata biyu yana zaune a gidana, yana cin tuwon matata kansa a ƙasa. Na nema masa gadi a wata makaranta, direkte ya dubi tabon fuskarsa ya ce za a neme mu. Ran nan na dawo na tarar ya sayar da tele biyu ya sayi tsohon moto, wato babur. Abokansa na da sun sa shi a harkar esans, wato fetur. A je bakin iyaka a cika bido, manyan jarkoki, a ɗaure takwas ko goma a moto ɗaya, a biyo ta cikin gonaki da yashi don kauce wa masu tsaron hanya, a kawo gari a sayar wa masu kwalabe. Ya koma kwana a rumfar pale. Idonsa ya koma ja irin na da. Na yi masa faɗa, ya saurare ni har na gama, ya ce, "To me zan yi, Yaya?"

Hanyarsu ta bayan Dogo take bi. Inna ta ce yakan tsaya ya sha fura a tsaye, ba ya ko kashe moto, duk gidan ya ɗauki warin esans. Tana ce masa ya dawo ya kama gonar Baba, yana cewa bari damina ta zo.

Bai kai damina ba. Wata Talata da hantsi ina cikin aji aka kira ni. Moto ya kafe a yashi ya faɗi da shi, bido ɗaya ya fashe a kan inji mai zafi. Manoma da ke sharar gona suka kashe wutar da ƙasa, suka sa shi a mota zuwa gidan likita a nan gari. Da na shiga ban gane shi ba sai da tabon. Likita ya ja ni gefe ya yi mini bayani da Faransanci, na fahimci kowace kalma, na kuma yi fatan da ma ban iya ba.

Inna ta iso da azahar. Ta shiga ta dube shi, ta yi masa addu'a, ta fito ta shimfiɗa mayafinta a gindin wani dogon yaro a harabar gidan likitan ta zauna. Kwana uku tana nan. Tun da abin nan na rediyo ya faru ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, har na ɗauka bai kai Dogo ba. Na manta ni na saya mata rediyo da hannuna don ta riƙa jin ɗanta ranar Asabar.

A rana ta uku, bayan azahar, na fito daga wurinsa na zauna kusa da ita. Ta dubi fuskata. Sai ta jawo bakin zanenta, ta kwance ƙullin da haƙori, ta ciro dala ashirin, ƙwaya ɗaya, ta kama hannuna ta sa a tafina, ta naɗe yatsuna a kai.

Ta ce, "Na ji ka da kunnena ka ce uku ake bayarwa. Ni ba uku nake so ba. Je ka sayo mini ɗaya."

Inna ba ruɗewa ta yi ba. Tsohuwa ce mai cikakken hankali, ta san abin da ake sayarwa da abin da ba a sayarwa. Ta faɗa ne tana kallon cikin idona, sannan ta juya ta ci gaba da jan carbinta. Kafin la'asar ƙanena ya cika.

Na bar rediyo. Har yanzu ana musun nan a gari, duk lokacin da aka sari wani sai ya taso, a ce wasan ne, a ce ba wasan ba ne, ga shi yanzu abin ya koma cikin wayar kowa, ba shagon da za a rufe. In aka tambaye ni ra'ayina a ɗakin malamai sai in ce ban sani ba, su ɗauka zolaya nake. Na'urorin suna ɗakin baya a gidana, lulluɓe da tsohon zanen gado, ƴaƴana sun gaji da roƙon in kunna musu. Inna tana Dogo, ina zuwa duk wata, muna gaisawa, tana tambayar mutanen gida. Ba ta ce in mayar mata da kuɗinta ba, ni kuma na kasa miƙa mata. Tana nan a aljihun jakata ta lakwal, dala ashirin ɗin, har yau ban kashe ta ba.